Ƙarfe Ɗaya Ba Ya Amo

Kina tambayata inda kiɗan ya fito, Keeley?
Zagayo ta dama. Kunnen hagu ya riga ni ritaya.

A Cradley Heath aka yanke mini cibi,
bango ɗaya ya raba gadona da maƙerar sarƙa.
In gudumar inji ta faɗi
kofunan shayin uwata sukan taka rawa a kan kanta,
ƙasa ta amsa, haƙori ya amsa.
Ba mu san shiru ba sai ran Lahadi,
shi ma tsoro yake ba mu.

Ina ɗan sha biyar na bi sawun ubana.
Muna ƙera sarƙar ɗaure jiragen ruwa,
mu da ba mu taɓa ganin teku ba.

Alwyn Tromans ne ya zo da faifan,
tsarabar kawunsa daga Amurka:
wani baƙar fata, shi da jitarsa kaɗai,
murya kamar an wanke ta da hawaye an shanya.
Muka yi tsit har allura ta kai ƙarshe.
Alwyn ya ce, wannan ciwon ya san hanyar gidanmu,
sai dai namu da ƙarar inji yake tafe.

Muka sassauta tsirkiya har ta koma gurnani,
muka murɗa lasifika har ta tsage,
tsagewar ce ma ta faɗi gaskiya.
Ni na zauna bayan ganguna.
Ban yi malami ba. Gudumar nan na kwaikwaya,
mai faɗuwa ba ta neman afuwa.

Samarin Landan na waƙar furanni a lokacin.
Mu furen da muka sani tartsatsi ne,
ga tabonsa nan a damtsena.

Fada ya ce daga mumbari kiɗan Shaiɗan ne.
Da ya yi wuni guda a bakin tanderu
da ya san ba sai mun yi aron wuta ba.
An ce da zagi aka raɗa masa suna, ƙarfe mai nauyi.
Muka ce madalla, ai ɗan gida ne.

Mu dai ba mu yi suna ba.
Waɗansu yara ne can Birmingham suka yi,
tafiyar bas guda daga nan.
Mu ɗakin bayan mashayar Misis Hingley muka cika,
sau goma sha ɗaya, na ƙirga,
kafin maƙwabta su kai ƙara.

Sai aka sa wa masana'antu kwaɗo, ɗaya bayan ɗaya.
Yaran da suka taso ba aiki, ba guduma,
suka ninka saurin kiɗan
kamar mai gudun bashi.
Daga nan ya fi ƙarfin hannunmu.
Ya haye Norway ya shafa farin fenti yana kururuwa cikin daji,
ya sauka São Paulo ya auri gangunansu,
ke kika nuna mini 'yan matan Jakarta a waya
suna kaɗa kai kamar za su cire shi.
Ya haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka yi ta faɗan gado.
Rabinsu ban gane su ba.
Amma hancin kakansu na nan.

Inda maƙera take, yanzu wurin ajiye motoci ne.
Alwyn ya tafi da ƙurar ƙarfe a huhu,
jitarsa ce wannan a wuyanki, kin sauya mata tsirkiya.

Kada ki ji tausayin kunnena.
Dare da rana yana amo, siriri, ba hutu,
ladan aikina ke nan, ba gwamnatin da za ta zaftare shi.

To, jona wayar. Murɗa har ƙarshe.
Bar ni in ɗora tafi a kan akwatin,
ta ƙashi nake ji yanzu.

Yauwa.
Dubi kanta, Keeley.
Dubi kofunan.